Hoton saukar Alhaji: yadda uwargida ta koma bakin firam

Ranar wata Laraba da hantsi, kasuwar Nima da ke Akra, babban birnin Ghana, tana ci, babbar 'yar Alhaji ta shigo shagona rungume da firam ɗin da muka kai musu kwana 3 da suka wuce, naɗe cikin zane. Muka gaisa, ta tambayi iyali, sannan ta jingina shi da bango ta yaye zanen. Ba ta ɗaga murya ba. Yatsa kawai ta ɗora a gefen dama na hoton ta ce, "Malam, dubi Mma. Shekara 41 tana gidan nan. Nan ne wurinta?"

Na duba. Katakon firam ya bi ta kusa da kunnen uwargidan Alhaji, ya cinye kafaɗarta ta hagu da hannun gaba ɗaya. Ɗan abin da ya rage na fuskarta ya yi faɗi fiye da yadda na san ta. A tsakiyar hoton kuwa, tsaye, cikin leshi ruwan ɗorawa, amarya ce. Shi kansa Alhaji, wanda domin sa aka tara jama'a, sai ka nema kafin ka gan shi, yana zaune can ɓangaren dama cikin fararen kaya, bango mai farin fenti a bayansa.

Na ce mata ta bar mini shi zuwa gobe. Na rubuta abin da ya faru daki-daki ne saboda hoton ba shi da ko ɗaya daga cikin laifuffukan da muka saba tsoro. Bai yi duhu ba, bai yi dishi-dishi ba, babu wanda ya rufe ido. Inda aka ajiye kowa ne ya ɓata shi.

Yadda aikin ya zo

Ɗan Alhaji da ke zaune a Amurka ne ya kira ni. Ya ce mahaifinsu zai sauka daga aikin Hajji, yana so a ɗauki tarbar, a kuma yi hoto ɗaya na iyali duka, babba, wanda za a rataye a falo. Ranar ta haɗu da wani aure da na riga na karɓa a unguwar Madina da ke nan Akra, sai na tura yaron da ke koyon aiki a wurina. Shekararsa 2 tare da ni, yana da ido, yana da natsuwa, kuma har gobe ina iya tura shi.

Gidan a Mamobi yake, cikin lungu. Tsakar gidan doguwa ce siririya, faɗinta kamar mita 4, tsawonta kamar mita 9. Da damina ne, sama a lulluɓe da gajimare, haske mai laushi irin wanda kowane mai hoto ke roƙo. Mutum 15 ne suka shiga hoton. Yaron ya jera su a jikin dogon bango, shi kuma ya manna bayansa da bangon da ke kallonsu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai mita 3 da rabi ba. Don kowa ya shiga, dole ya buɗe idon kyamara iyakar buɗewarsa, wato milimita 18.

Da na tambaye shi yadda ya tsara su, amsarsa ba ta da kwana. Ya ce, "Maigida, na kunna layukan nan, na ɗora Alhaji a kan layin dama kamar yadda ka nuna mini. Da yake ya ɗan karkata yana kallon hagu, sai na bar masa sarari ta can." Na ce Mma fa? Ya ce ai bai san ita ce uwargida ba. Tana madafa tana sallamar baƙi, sai da aka gama jeruwa aka aika kiranta, ta zo tana goge hannu da gefen zani ta tsaya a ƙarshen layi, bayan ƙanin Alhaji. Babu wanda ya ce mata ta matso, ita kuma ba macen da za ta kutsa cikin 'ya'ya da jikoki tana neman wuri ba ce.

Layukan da na koya masa

Abin da yaron ke nufi da layuka shi ne ƙa'idar kashi uku. Ana raba fuskar hoto da layi 2 a tsaye da layi 2 a kwance, ta zama gida 9 kamar ramukan dara, da mahaɗa 4 inda layukan suka gitta juna. Sai a ce ka ɗora abin da ya fi muhimmanci a kan ɗaya daga cikin layukan ko mahaɗan, kada ka dasa shi a tsakiya. Kusan kowace kyamara da kowace waya a yau tana da wannan raga, kunna ta kawai za ka yi.

Ƙa'idar tana da amfani, ni ma da ita nake cin abinci. Ka je bakin teku a Jamestown ka ɗauki kwale-kwalen masunta. In ka bar layin da ruwa ya haɗu da sama ya raba hoton biyu daidai, ido zai rasa wanda zai bi, ruwan ko saman. Ka sauke layin zuwa kashi ɗaya na ƙasa, nan take hoton ya zama na hadari da gajimare. Ka ɗaga shi zuwa sama, ya zama na ruwa da jirage. Haka in mutum yana tafiya ko yana kallon wani gefe, in ka bar masa fili a gabansa, mai kallo zai ji kamar akwai inda aka nufa.

Sai dai yana da kyau a san inda maganar ta fito. Wani mai zane ɗan Ingila, John Thomas Smith, shi ne aka sani da fara rubuta sunan ƙa'idar a 1797, shekaru da dama kafin a ƙirƙiro ɗaukar hoto. Zancensa kuwa na zanen karkara ne, yadda za a raba fili tsakanin sama da ƙasa, ruwa da tudu, haske da duhu, ɗaya ya ɗauki kashi 2, ɗaya kashi 1. Babu maigida da matansa biyu a lissafinsa. Ni na san wannan, amma ban taɓa zaunar da yaron na faɗa masa ba. Kullum abin da yake ji daga bakina shi ne, "Ka daina dasa mutum a tsakiya kamar hoton fasfo." Ya riƙe maganar da hannu biyu, ya kai ta inda ba ta da hurumi.

A wurinmu tsakiya matsayi ce. Ka dubi kowane zama, na ɗaurin aure, na suna, na fadar sarkin Zango: babba a tsakiya, na kusa da shi a daraja a damansa, sauran su bi baya har zuwa gefe inda yara da 'yan rakiya ke tsayawa. Wanda ya tashi yana ganin wannan ba ya bukatar a fassara masa hoto. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Kuma mutanen Akra sun daɗe da sanin hoto. Sutudiyon Deo Gratias yana Jamestown tun 1922, James Barnor ya buɗe nasa, Ever Young, a unguwar a farkon shekarun 1950, Felicia Abban ma a can ta yi nata. A falon Alhaji kansa akwai tsohon hoton mahaifinsa, baƙi da fari, ya fara ja saboda tsufa. Tsohon yana zaune a tsakiya da rawani, hannayensa biyu a kan gwiwa, takalmansa duka a bayyane, matansa biyu ɗaya a dama ɗaya a hagu, tazararsu da shi kamar an auna da igiya. Kusa da wannan hoton aka buga ƙusar da za a rataye namu.

To a namu me ido ke gani? Abu uku ne ke fara jan ido a hoto irin wannan: wanda ke tsakiya, wanda kansa ya fi tsawo, da launin da ya fi fita daga cikin saura. Duka ukun sun taru a kan amarya, ba da saninta ba. Ta tsaya ne kawai a bayan yayar Alhaji, gwaggon yaran, wadda ta zo daga Kumasi aka ba ta kujera a gefensa. Alhaji yana zaune, don haka kansa yana ƙasa, kuma farar jallabiyarsa ta narke cikin farin bango. Akwai kuma abin da yaron bai lura da shi ba sam. Dama da hagu a hoto a juye suke, wanda ke gefen dama na takarda yana hagun mutumin da aka ɗauka ne. Wato amarya ta faɗo a hannun daman Alhaji, Mma kuma a hagunsa, can nesa, da mutum guda a tsakaninsu. A gidan da ke da mata biyu, wannan ba ƙaramar magana ba ce, ko da kuwa zaman lafiya ake yi, kuma a gidan nan zaman lafiya ake yi.

Inda inci 4 suka tafi

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila an yi ƙorafi an haƙura. Abin da ya sa aka dawo da firam shi ne yankan, kuma wannan laifina ne ni kaɗai.

Kyamararmu tana ɗaukar hoto mai ɗigo 6000 a kwance da 4000 a tsaye, wato 3 bisa 2. Wannan fasali gado ne daga fim ɗin da, wanda kowane hoto a jikinsa ke da milimita 36 da 24. Takardar inci 4 da 6 ta dace da shi cif, haka 8 da 12, haka 16 da 24. Amma firam ɗin da aka fi samu a kasuwa, 8 da 10 ko 16 da 20, fasalinsa 5 bisa 4 ne, ya fi gajarta. Ɗan Alhaji 16 da 20 ya nema. In ka shimfiɗa hotonmu har tsayinsa ya cika inci 16, faɗinsa zai kai 24, takarda kuma 20 ce. Dole inci 4 su tafi, kashi ɗaya cikin shida na faɗin hoton ke nan. In mai hoto bai zaɓi inda za a yanke da kansa ba, na'urar wurin wanki za ta raba asarar biyu, inci 2 a dama, inci 2 a hagu. A hagu, inda yaron ya bar sarari, durom ɗin ruwa da ɗan bango suka tafi. A dama Mma ce a wurin.

Na tura hoton wurin wanki da daddare bayan na dawo daga Madina a gajiye, ban yanke shi da hannuna ba. Aka kawo shi an riga an sa a firam an naɗe, na ce yaron ya kai. Shekara sama da 20 ina wannan sana'a, na san lissafin nan kamar yunwar cikina, amma ban buɗe takardar na duba ba. Minti ɗaya ya isa.

Faɗin fuskarta kuma daga idon kyamara ne. In aka buɗe shi sosai, kamar milimita 18 ɗin nan, duk abin da ya matsa kusa da gefe yana miƙewa waje, kai ya zama kamar ƙwai a kwance, kafaɗa ta ƙara faɗi. Ba lalacewar kyamara ba ce, haka lissafin yake idan aka shimfiɗa fili mai faɗi a kan takarda. Shi ya sa ba a ajiye fuskar da ake ji da ita a bakin hoto in wuri ya matse.

Daren nan ni da yaron muka zauna gaban kwamfuta muna gwada gyara. Muka tura yankan duka zuwa hagu don Mma ta fito cikakkiya, sai jika ɗaya ya rasa rabin jikinsa, ita kuma kafaɗarta tana goge katako. Muka ce a wanke shi 16 da 24 a yi sabon firam, kowa ya shiga, amma amarya tana nan a tsakiya, Mma tana nan a ƙarshe. Yaron ya kawo shawarar a ciro Mma a liƙa ta kusa da Alhaji, ai yanzu ana yi. Na ƙi. Mutum 15 sun san inda ta tsaya ranar nan, kuma hoton ya riga ya zaga wayoyin dangi ta WhatsApp. Liƙi zai zama ƙarya a kan kuskure, kuma ita ce za ta fi kowa jin ciwon hakan.

Washegari bayan La'asar na tafi gidan da kaina, yaron yana biye da ni. Na gaida Alhaji, na yi masa barka da sauka, na nemi izinin ganin Mma. Na same ta a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa a faranti. Na durƙusa na ce, "Mma, na zo ba da haƙuri ne. Aikina ne, ni ne ban duba ba." Ta ce, "Haba Malam, tashi. Hoto ne fa. Yara ne suka ɗauki abin da zafi." Ta yi shiru tana ture tsakuwa da ɗan yatsa, can ta ce, "Ni dai da aka rataye shi, sai na ga ko hannun da na dafa abincin ranar ba a bar mini ba." Wannan maganar ta fi mini duk faɗan da za a iya yi.

Ɗauka ta biyu

Muka sa ranar Juma'a, ƙarfe 4 da rabi. A Akra rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, don haka a lokacin inuwa ta rufe tsakar gidan, hasken ya daidaita a kan kowa. Kafin na fito da kyamara daga jaka na ja babbar 'yar gefe na ce ta lissafa mini mutanen gidan, wane ne wane, wa ke gaba da wa. Tambayar da ya kamata a yi tun ranar farko ke nan, kuma ba ta ci minti 5 ba.

Na juya zaman gaba ɗaya. Maimakon jikin dogon bango, na kai su ƙarshen tsakar gidan, na yi layi 3: jikoki a kan tabarma, manya a kujeru, 'ya'ya a tsaye a baya. Hakan ya ba ni damar ja da baya mita 6 in ɗauka da milimita 35, inda fuska ke fitowa yadda Allah ya yi ta. Muka kwance igiyar shanya, muka rataye wani kafet kore mai duhu a bango don fararen kayan Alhaji su fito. Alhaji a tsakiya da makawiyarsa. Mma a hannun damansa, amarya a hagunsa, kujeru iri ɗaya, tazara ɗaya. Ƙaninsa ya tsaya a bayansa daidai. Amarya da kanta ta shiga ta sauya leshin zuwa wani shuɗi mai sanyi, ba wanda ya ce ta yi, kuma na ga girmanta a wannan.

A gilashin bayan kyamara na manna siririn salatif guda 2, ɗaya a kowane gefe, daidai inda yankan 16 da 20 zai bi. Na ce wa yaron duk abin da ya tsallake wannan ba namu ba ne, ko gefen mayafi kada ya kai nan. Na sauke kyamarar zuwa daidai ƙirjin waɗanda ke zaune, don kada a kalli dattawa daga sama, na bar fili a ƙasa don ƙafafun yara su fito duka. Sannan na miƙa masa na ce shi zai danna. Ya sa ido, ya daɗe, sai ya ɗago ya ce a hankali, "Maigida, Mma da Anti sun hau layukan nan biyu." Na duba, haka ne kuwa. Alhaji a gidan tsakiya, matan biyu kusan a kan layukan tsaye, fuskokin 'yan baya a kan layin sama. Ragar da ta kai shi ga kuskure ita ce ta nuna masa cewa zaman ya daidaita. Bayan kwana biyu na kai shi Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, na sa shi ya ɗauki ƙubbar da hasumiyoyin nan 4 daga gaba, sau ɗaya a tsakiya, sau ɗaya a karkace. Bai bukaci in faɗa masa wanda ya zauna ba.

Dole in yi wa yaron adalci a kan abu ɗaya. Cikin hotunan ranar farko akwai wanda ya ɗauka ba tare da ya jera kowa ba. Alhaji yana kan layin hagu, ya sunkuya yana tsiyaya zamzam daga jarka cikin 'yan ƙananan kofuna. Hannayen yara sun miƙo daga tsakiya, wani da kofi, wani da tafi kawai. A kan layin dama Mma ce riƙe da tiren dabino, ba ta san ana ɗauka ba, tana kallon mijinta. Ido yana tashi daga fuskarsa, ya bi ruwan, ya bi hannayen, ya sauka a kanta. Da an dasa Alhaji a tsakiya a wannan, da an kashe shi. A nan ba wanda ke tambayar matsayi, domin ba zama aka yi ba, abu ne ke faruwa. Da na nuna mata a waya ta daɗe tana kallo, ta ce in wanke mata ƙarami, na ɗakinta. Na yi shi 4 da 6, ko ɗigo ɗaya bai tafi ba.

Sabon firam yana rataye kusa da hoton mahaifin Alhaji. Ban karɓi kuɗin wanki na biyu ba. Tsohon na zare shi na mayar wa babbar 'yar, domin Mma ta ce kada a ajiye shi a shago mutane suna gani.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Gwaggo ta koma Kumasi tun kafin Juma'ar, ga shekaru, ga ciwon ƙafa, ba mai cewa ta sake hawa mota saboda hoto. Mutum 14 ne a sabon. Hotonta da ƙaninta ranar saukarsa yana cikin na farkon ne kawai. Muka yanko su su biyu daga kafaɗa zuwa sama, ɗigo 1800 da 1200, daidai abin da takardar 4 da 6 ke bukata ta fito tas. Ruwan ɗorawan leshin nan yana nan a bayan kanta, babu yadda za a yi da shi. Yaron ya sa hoton a ambulan tsakanin kwali biyu, ya rubuta lambar wayar jikanta a baya, ya kai tashar motar Kumasi da asuba.